Tauren Mama Tabita da Goron Mubaraka

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarin ga nawa. Waɗanda sunka yi ta turo saƙo suna cewa, "Musaddiƙ, ka yi shiru, ko an ɗaura ne ba mu ji ba?" ku yi haƙuri, ba a ɗaura ba. Noman rani ya kama, injinan ban-ruwa sun cika muna rumfa, kuma wani abu ya taso wanda sai da na natsu kafin in iya ba ku shi a jere.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni mai gyaran injin ban-ruwa ne a Goronyo. Shekarata goma sha biyu a rumfar Baba Istifanus, mutumin Zuru, Kirista, wanda ya zo garin ga tun ina goye. Shi ya koya mani riƙon sifana bayan rasuwar mahaifina. Wadda nike so kuwa Mubaraka ce, ɗiyar Malam Abdulganiyu na Rara. Gyaran injin gonar albasarsu ya kai ni, ta kawo mani ruwan sha ta ce, "Mai gyara, wanke hannun ga kafin ka taɓa muna kwano." Tun ranar ban sake zama daidai ba. Bayan kaka manyana sun kai goron tambaya, an karɓa. Sa rana kawai ya rage.

Wata Litinin da hantsi, ina tsugune na baje kafireto cikin tsohon faranti, sai wayata ta yi ƙara. Na goge hannu ga wando na duba. Mubaraka ce ta turo hoto, ƙasanshi ta rubuta:

"Baffa Yari ya gani."

Na buɗa hoton na ƙara buɗa shi. Ni ne, tsugune da wuƙa a hannu. Ga akuya kwance, Baba Istifanus ya danne ƙafafunta, Mama Tabita matarshi na tsaye baya da zanen zumuntar matan cocinsu, tana dariya har haƙoranta waje. Hoton bara ne. Laraba, ɗiyarsu da ke karatun jinya a Sakkwato, ita ta ɗora shi bisa waya ta rubuta, "Saura kwana goma Kirsimeti." Daga hannu zuwa hannu har ya kai Rara.

Na rubuta, "Wa ya tura mashi?"

"Mi za ka yi da wanda ya tura? Ya dai gani. Tun safe shina zarya tsakanin zaure da ɗakin Baba."

"Ke mi kinka ce?"

"Na ce ka yi kyau. Hular ta kawai ta karkace."

Kun ji halin Mubaraka. Gida na ci da wuta tana duban hula. Can sai ga wani saƙon:

"Sun ce ka zo gobe. Ka sa shaddar nan ruwan toka."

Bari in gaya muku asalin hoton, don kada ku ma ku yi mani irin duban da anka yi mani.

Duk shekara tun kafin damina ta sauka, Mama Tabita na sayen ɗan taure ta ɗaure bayan ɗakin girki. Dusa, harawa, ɓawon wake, ƙanzon tuwo, duk nashi ne. In jajibirin Kirsimeti ya zo ba su yankawa da hannunsu. Baba Istifanus ya iya yanka sarai, amma ya san in shi ya yanka, maƙwabta ba za su ci ba. To shi kuma ya ce bukin da maƙwabcinshi bai ci ba, shi bai ga abin da ya ci ba. Don haka Musulmi suka nema ya yanka. Da can wani tsohon ladan ne, da ya rasu aikin ya dawo hannuna, shekara shidda ke nan. In fuskanci alƙibla, in yi bismilla, in yanka, in feɗe. Kashegari Mama ta dafa shinkafa da miya cikin tukwanen da ba ta dafa komi ciki sai wannan, a rarraba gida goma sha bakwai. Su kansu abin da ka saura musu bai wuce kai da ƙafafu da ɗan abin da ya maƙale a gindin tukunya ba. In Layya ta zo kuma kwanonin nan su koma musu cike. Haka na taso na iske unguwarmu, ban taɓa tsayawa na dube shi a matsayin wani abu ba.

Kashegarin saƙon Mubaraka na dirje hannuna da omo da rairayi har sunka yi zafi, amma baƙin man da ke ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Na sa shaddar, na daidaita hula a madubin mashin, na kama hanyar Rara.

A zaure na iske su. Malam Abdulganiyu na bisa buzu, ya jingina da buhunan taki, carbi a hannu. Baffa Yari, ƙanenshi, na bisa tabarma da waya a gabanshi. Kun san al'adarmu, uba ba shi ba da ɗiyarshi da kanshi, ƙanenshi ka badawa. Don haka maganar auren Mubaraka a bakin Baffa Yari take. Na tuɓe takalmi na durƙusa, munka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

Baffa Yari ya turo wayar gabana.

"Wanga kai na?"

"Ni ne, Baffa."

"To madalla, ba ka yi muna gardama ba." Ya gyara zama. "Yaro, mun yi bincikenka. An ce sahun gaba kake sallah, an ce ba ka shan komi, an ce kana riƙe da tsohuwarka. Ba mu ce ka bar addini ba. Amma bukinsu nasu na. Ƙaƙa za ka ja sunan Allah bisa dabbar bukin da ba naka ba, har a ɗauke ka hoto kana washe baki?"

"Baffa, naman maƙwabta ka cinshi. Akwai tsofaffi..."

"Ban tambaye ka wa ka ci ba. Jiya a bakin masallaci mutum uku sunka nuna mani abin ga. Wani har cewa ya yi, Yari, ashe ɗiyarku gobe ita ka tuƙa musu shinkafa? Ni ba ni ɗaukar wagga magana." Ya ɗaga yatsa guda. "Aikinka na gyara ka yi abinka, sana'a ta. Amma bana ka ɗebe hannunka daga yankan ga. In Disamba ta fita ba mu ji komi ba, mu sa rana. In mun ji, goronku na nan ba a taɓa shi ba, shina komawa yadda ya zo."

Na dubi Malam Abdulganiyu. Bai ɗago ba, carbinshi kawai shike ja.

Na ce, "To, Baffa."

Wallahi ban san ko mi "to" ɗin nan tawa take nufi ba. Baki ne kawai ya faɗe ta don in samu in tashi.

Da na dawo gida na iske Inna Asta, mahaifiyata, tana tsince wake a tsakar gida. Na gaya mata duk yadda anka yi. Ta aje faifan.

"To ina abin damuwa? Akuya guda za ta hana ka mata?"

"Inna, ke ma kina ci duk shekara."

"Ina ci. Bana na yafe." Ta ɗauki faifan ta kuma aje shi. "Ka ji, Musaddiƙ. Istifanus mutumin kirki na, ba ni mantawa da abin da ya yi muna ranar da ubanka ya faɗi. Amma shekararka ashirin da shidda. Sa'o'inka ɗiyansu na zuwa makaranta. Ɗakin ga da ka shafe da siminti, ni za ka sa ciki? Ka yi abin da sunka ce."

Kwana uku ban ce ma Baba Istifanus komi ba. Ina zuwa rumfa, ina aiki, amma hankalina ba shi wurin.

Shi Baba yadda shike aiki ba ya sakewa. Da safe in ya ɗaga ƙyauren rumfa sai ya tsaya ya cire hula, ya rufe ido kaɗan, bakinshi na motsi, sannan ya ɗauki tsintsiya. Duk injin da ya gyara sai ya wanke shi da kananzir har gindinshi, wurin da ka zama cikin laka. Ina yaro na taɓa ce mashi, "Baba, mai injin ga ba zai kife shi ya duba ba." Ya ce, "Ai ba shi kaɗai nike yi ma aikin ba. Wanda nike yi mawa shina ganin ƙarƙashi." In ya canja fulogi ko ringi, sai ya ƙulle tsohon a leda ya miƙa ma mai shi, ya ga abin da anka cire da idonshi. In manomi ya zo da rana tsaka albasarshi na ƙuna, Baba na iya barin abincinshi buɗe ya hau bayan mashin ɗin mutumin su tafi fadama. Bai taɓa zaunar da ni ya yi mani wa'azi ba. Gefen rumfa ma akwai buta da tabarma da Mama ta aje don ni da masu kawo gyara, kuma in ladan ya kira ina ƙarƙashin aiki, shi ka fara cewa, "Tashi, an kira ku."

Ranar ta ukku na gama haɗa injin wani mutumin Kagara, na naɗe igiya zan ja. Sai na ji an riƙe mani wuyan hannu.

"Ina man?"

Na duba. Ga baƙin man can cikin galan, ban zuba ba. Da na ja igiyar nan, da injin mutum ya tafi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya zuba man da kanshi, ya jawo benci ya ce, "Zauna. Shekara goma rabon da ka yi wannan. Mubaraka ce?"

Na gaya mashi komi. Ina magana ina duban ƙasa.

Ya murza tsumma a hannu. Sannan ya ɗaga murya, "Tabita! Zo ki ji."

Gidansu na manne da bayan rumfa. Mama ta fito da ludayi a hannu, ɗankwali ya zame. Ya maimaita mata. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo Laraba! Yarinyar nan da waya! Bari ta zo, sai na jefa abin nan cikin rijiya."

Baba ya ce, "Bar Laraba, murna take. Ga abin da za a yi. Bana ba yanka."

Na ce, "Baba, a kira Maigandi mahauci mana. Ai zai yanka."

"Zai yanka. Amma in jini ya zuba a gidan nan ranar jajibiri, ko wa ya riƙe wuƙar, labarin da zai kai Rara shi ne kai ne. Kowa ya san hannunka ne shekara shidda. Wa zai tafi ya rantse musu?" Ya girgiza kai. "A'a. Tauren ya huta. Kai kuma ranar ka shirya ka tafi Rara tun da safe, ka wuni a gonarsu, su gan ka da idonsu."

"To maƙwabta fa?"

Mama ta juya ta dubi bayan ɗakin girki, inda tauren ke tsaye, ja mai farin goshi, ya yi ƙiba har wuyanshi ya ninke. Wata takwas tana kiwonshi. Ta ja numfashi.

"Shinkafa da wake ba su taɓa kashe kowa ba. In sa mai da yaji da albasa, a kai musu. Yesu da aka haifa ai ba don nama ya zo ba." Ta nuna ni da ludayin. "Kai dai ka kawo mana amarya. Na riga na sayi atamfar da zan ɗaura."

Ta koma ciki da sauri. Na san don kada in ga idonta ne.

'Yan uwa, da faɗa sunka yi mani da ya fi mani sauƙi. An ɗauke mani kaya gaba ɗaya, amma na tashi daga bencin nan na fi nauyi.

Da la'asar ina komawa gida na bi ta ƙofar Goggo Kaltume. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, ɗiyanta maza biyu sun tafi kudu neman abinci, sai an ga dama a ji su. Tana zaune bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Ta gane ni da tafiya.

"Wa nike ji awa mai warin fetur? Musaddiƙu?"

"Ni ne, Goggo. Ina wuni?"

"Lahiya lau, mijin wata. Kai, bukin su Tabita ya matso ko? Ina jin kukan tauren ga, muryarshi ta yi kauri." Ta yi dariya. "Ka ce mata hanta nika so bana, haƙorana sun ƙare. Kuma kai ka yankawa dai ko? In kai ne ba ni tambaya, ci kawai nika yi."

Na ce, "Allah shi kai mu, Goggo."

Na san sau biyu take cin nama a shekara har ta ƙoshi. Layya, da wannan.

Ina isa gida na zauna bisa turmin Inna na rubuta ma Mubaraka duk abin da Baba ya yanke. Na ƙare da cewa, "Kin ga shi ke nan, an huta."

Ta gani. Ta fara rubutu, ta tsaya, ta kuma farawa.

"Wa ya huta?"

"Mu mana."

"Kai ka ga laifi cikin yankan ga? Tsakaninka da Allah."

Na rubuta, "Da na ga laifi da ban yi shekara shidda ina yi ba. Na taɓa tambayar malaminmu, ya ce in dai da sunan Allah na yanka, kuma ba ibadarsu na shiga ba, kyautata ma maƙwabci ne. Na san akwai malaman da sunka ga akasin haka. Ni dai abin da zuciyata ta natsu da shi ke nan."

"To don mi ka ce ma Baffa to?"

"Don ke."

"Mai gyara, ni ba ni son a fara gina mani ɗaki bisa kunyar mutanen da sunka rene ka. In yau ka sake su don an ɗaga maka murya, gobe wa za ka saki?"

"In goron ya dawo fa?"

"In ya dawo zan yi kuka, ba ni yi maka ƙarya. Tun jiya ma na fara, don in rage." Sai kuma: "Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Amma duk wanda za ka yi, kada ka yi shi a ɓoye."

Na karanta saƙon nan ya fi sau goma. Inna na ta kirana in ɗauke mata tulu, ban ji ba sai da ta jefo ni da murfin kwano.

Ana saura kwana biyu buki na koma Rara. Ban sa shadda ba, da kayan aikina na tafi. Na iske su a gona ana dashen albasa, Baffa Yari ya naɗe wando shina gyara bakin kwami, wato fangalin albasa, Malam Abdulganiyu na tsaye wurin injin. Na gaishe su. Na durƙusa nan bisa kunyar gona.

"Baffa, ranar nan na ce to. Na zo in gyara, don ban faɗi gaskiya ba. Mutanen ga sun ce sun fasa yanka bana saboda ni. Ni kuma na kasa ɗaukar haka. Gobe in Allah ya kai mu zan yanka musu. Na ce gara ku ji daga bakina da ku gani cikin waya."

Baffa Yari ya miƙe da fartanya a hannu. Bai yi ihu ba. Da ya yi ma da ya fi.

"Ka zaɓa ke nan."

"Ban zaɓi barin Mubaraka ba, Baffa. Wallahi ina sonta. Amma mutumin ga shi ya..."

"Ya isa. Jibi a shirya karɓar goro." Ya juya ya ci gaba da aikinshi.

Na tashi zan tafi. Ina wucewa ta wurin injin, Malam Abdulganiyu ya yi magana, karo na farko tun da abin ga ya fara. Ko dubana bai yi ba.

"Wane lokaci kuka yankawa?"

"Da hantsi, Baba."

"Uhm," ya ce. Shi ke nan.

Da na gaya ma Baba Istifanus abin da na yi, ranshi ya ɓaci yadda ban taɓa gani ba.

"Wa ya aike ka? Mun rufe magana, ka je ka buɗe! Kana tsammani naman akuya ya fi mana aurenka?"

"Baba, an riga an ji daga bakina. Ko na yanka ko ban yanka ba, yanzu duk ɗaya ne."

Ya zauna bisa benci ya dafe kai. Can ya ce a hankali, "Ubangiji ya dube ka, ɗana. Ni dai ban so ba." Inna kuwa ranar ko tuwona ba ta rufe ba.

Ranar jajibiri da hantsi na shiga gidan da wuƙata. Mama ta share bayan ɗakin girki, an haƙa ɗan rami. Laraba ta iso daga Sakkwato, idonta ya kumbura, tana ta ba ni haƙuri. Mama ta ce, "Wayar nan tana cikin akwati, na kulle." Mun kwance tauren, mun ba shi ruwa ya sha, Baba ya kayar da shi. Ba mai dariya bana.

Sai munka ji mashin ya tsaya ƙofar rumfa, an yi sallama.

Malam Abdulganiyu ne, shi kaɗai, da farar riga da rawani, ƙafafunshi duk jar ƙasar hanya. Baba ya saki tauren ya miƙe shina goge hannu ga riga.

"Kai ne Istifanus?"

"Ni ne, Malam. Sannu da zuwa. Tabita, kawo kujera!"

"A bar kujera. Ku ci gaba da abin da kuka yi, gani na zo yi."

Ya matso ya miƙo mani hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe wuƙar shike so. Ya gwada bakinta da babban yatsa, ya ɓata fuska.

"Da wagga za ka yanka? Dabba na da hakki, yaro. Ina dutsi?"

Laraba ta ruga ta kawo dutsen wasa wuƙa. Dattijon nan ya tattare riga ya tsuguna, ya juya ma tauren baya don kada shi gani, ya wasa ta a natse, gaba da baya, har sai da ta aske gashin hannunshi. Sannan ya miƙo mani.

Baba ya sake kayar da tauren. Na daidaita shi ga alƙibla. Na yi bismilla, na yi kabbara, na yanka.

Muna feɗewa Malam na tsaye, hannu a baya. Mama ta jero kwanoni tana faɗin sunaye don kada ta manta: na Goggo Kaltume a sa hanta, na gidan mai jego a ƙara ƙashi don romo, na Asta a kai ko ta ce ta yafe. Ya saurara har ta kai ƙarshe. Ya dubi abin da ya saura cikin tire, ya dubi Baba.

"Wanga shi an naku?"

"Ya ishe mu, Malam."

"Wata nawa kuna kiwo?"

"Takwas."

"To mi ya hana ku yanka abinku ku ci ku kaɗai, ku huta da maganar mutane?"

Baba ya ɗan yi murmushi, shina share wuƙar fiɗa. "Malam, ni ban iya wa'azi ba, ban yi karatun fasto ba. Abin da Ubangiji ya sa a hannuna sifana ce, ita kuma tukunya. In ba mu bauta masa da su ba, da me za mu bauta masa? Mu a wurinmu ranar nan kyauta aka yi mana. To kunya nake ji in karɓa in rufe ƙofa."

Malam ya daɗe shina duban kwanonin. Sannan ya ce ma Mama, "In ba a ƙare rabo ba, a sa gida na goma sha takwas. Ɗanye nika so, tafiya gare ni."

Mama ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ɗauko cinya guda cikin rabon da ta ware ma baƙin coci, ta naɗe a takarda, ta sa a leda biyu.

Na raka shi wurin mashin, na ɗaure mashi ƙunshin a baya. Ya hau, ya sa ƙafa bisa kik, sai ya tsaya.

"Kada ka ce na ba ka. Ba ni ka badawa ba, Yari na, kuma ba ni ƙetare ƙanena gaban mutane." Ya gyara rawani. "Amma goron ga cikin ɗakina shike, kuma ni ad da makulli."

Ya tada mashin ya tafi.

Na koma ciki munka ƙarasa aiki. Ban iya cin komi ba, wayar na aljihun gaba ina jin nauyinta. Sai bayan azahar, ina wanke jini daga farcena a bakin rijiya, ta yi ƙara.

"Baba ya iso," in ji Mubaraka. "Ya aje ƙunshin gaban Baffa a zaure, ya buɗe, ya ce ga yankan yaron ga, da wuƙar da na wasa da hannuna. Ya ce a ɗora tukunya."

Na rubuta da jiƙaƙƙen hannu, "Baffa mi ya ce?"

"Bai ce komi ba."

"Ya tashi ya bar zauren?"

"Bai tashi ba. Ni anka sa girkin. Bar ni haka nan, mai gyara, kada in cika gishiri."